Jerin Sautin da Na Gyara

Ranar Litinin ce, mako biyu cif bayan ƙaramar Sallah, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe, aka kunna na'urar a ɗakin karatuna da ke Fagge. Na tabbata da lokacin, domin na duba agogon hannuna, na duba na bango, sannan na rubuta. Mu uku ne a ɗakin: ni, da jikata wadda ke karatun digiri na biyu a kan aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da Alhaji maƙwabcina, ɗan kasuwar Singa, wanda kakanninsa suka taso daga ƙasar Yarbawa suka zauna a unguwar nan tun kafin a haife ni. Hajiya mai ɗakina tana tsakar gida, an roƙe ta kada ta taɓa turmi sai bayan azahar.

Abin da jikata take son sani shi ne, ko shekarun da mutum ya yi cikin hayaniyar kasuwa, tsakanin janareto da manyan motoci da kiran 'yan dako, suna sauya yadda ƙwaƙwalwarsa take lura da baƙon sauti. 'Yan kasuwa kuwa ba za su rufe shago su tafi jami'a don a ɗaura musu waya a ka ba. Saboda haka sashensu ya ba ta aron ƙaramar na'ura mai aiki da batir, ta kawo ta gidana, inda tafiyar minti goma ke raba mu da Singa, kuma ɗakin karatuna yana can ƙurya, ba ya jin titi. An ba ta kwana goma sha biyu. Ranar Juma'ar mako na biyu, kafin a tafi masallaci, dole na'urar ta koma, domin wani ɗalibin yana jira. Mutum ashirin take buƙata. In ba ta cika su ba, sai ta jira layi ya sake zagayowa kanta, kuma kare kundinta a wannan shekara ya wuce ta.

Yadda aikin yake ba shi da wuyar fahimta. Mutum zai karanta takardar amincewa ya sa hannu. A sa masa hular roba mai wayoyi, a ɗiga wani irin mai mai sanyi a ƙarƙashin kowace waya, a sa masa abin jin sauti a kunne, a ba shi maɓalli a hannu. Sauti iri biyu zai riƙa ji: mai kauri, wanda ke zuwa a kai a kai, da siriri, wanda ke zuwa jifa-jifa. In ya ji siririn sai ya danna. Duk wannan wani rubutun umarni ne yake gudanar da shi, wanda jikata ta rubuta wa kwamfuta da hannunta, tana kiransa kod. Shi ke sakin sautin, shi ke sa alamar lokacin da ya sake shi, shi ke tattara motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ya adana a fayil mai lambar mutum, ba sunansa ba. In an haɗa amsoshin aka zana, kimanin sulusin sakan bayan siririn sauti sai layin ya yi tudu. Tudun nan take nema. Ta ce ta yi mini bayanin dalilin fitowarsa tun ranar farko. Ban musa ba. Abin da na sani shi ne a lokacin ina warware wayoyin da ta cukurkuɗe a cikin jaka, kuma hankalina ba ya rabuwa biyu.

Ya kamata in faɗi ko ni wane ne a wannan sha'ani, don kada a ɗauka mai gida ne kawai ya ba da ɗaki. Mahaifina akawu ne a tashar jirgin ƙasa, shi ya sa ni makarantar mishan a Sabon Gari, ya bar karatun allo na safe da na yamma a hannun limamin unguwa. A makarantar nan mukan yi layi bisa tsawo, gajere a gaba. Kowane shafi na littafi yana da gefen inci ɗaya da aka ja da jan biro. Hedimastanmu yakan bi tebur-tebur da rula, in ya ga lamba ta karkace daga layinta, ba ya tambayar dalili. Daga nan na yi shekara talatin da ɗaya ina kula da ɗakin gwaje-gwaje na ɗaliban likitanci. A zamaninmu ganga ce mai juyawa, mu naɗa mata takarda, mu turara ta da hayaƙin fitila har ta yi baƙi, tsinke ya riƙa zana motsin tsokar kwaɗo a kai. A ƙasan kowane zane akwai layin lokaci, wanda wani tsinken dabam yake bugawa sakan-sakan. Ɗalibin da ya kawo mini zane babu layin lokaci, a gabansa nake yaga shi.

Wannan ne ya sa, da Alhaji ya zauna a matsayin gwaji, ya gama, aka cire masa hula gashinsa ya yi danƙo, na tambayi jikata wa ya shaida cewa sautin ya shiga kunnensa a daidai lokacin da kwamfuta ta rubuta.

Ta ce, "Tsoho, kwamfuta ce fa. Ba kwaɗo ba ne."

Na ce, "Kwamfuta ta shaida lokacin da ta ba da umarni. Ni lokacin da aka bi umarnin nake tambaya."

Alhaji yana goge kansa da tawul ya ce, "Malam ya yi gaskiya. Ni ma in na ce a ɗora kaya da tara, wani lokaci sai goma ake ɗorawa."

Abin jin sautin da ta saya marar waya ne, irin na yayi. Na sa ta kara ƙaramar makirfo a bakin abin jin sautin, muka jona ta da ɗaya daga cikin ramukan na'urar da ba a amfani da su, ta yadda ainihin ƙarar za ta zana kanta kusa da alamar kwamfuta. Muka saki sauti hamsin. Ko ɗaya bai zo a kan alamarsa ba. Duk sun makara, kuma abin da ya fi muni, makarar ba iri ɗaya ba ce. Jikata ta dubi allon, sannan ta ɗauki mayafinta. Kafin azahar mun shiga kasuwar Sabon Gari, layin masu kayan lantarki, na sa wani bawan Allah ya buɗe kwali shida kafin na yarda da ɗaya mai waya. Muka dawo muka sake aunawa, ƙarar ta hau kan alamar ta zauna.

A ranar ta miƙa mini littafin aiki, ta kuma koya mini buɗe teburin da ake shigar da lambobin mutane a kwamfuta. Ta ce, "Ango, na ba ka ofis. Kai ne magatakarda." Ni ban cika son wasan jika ba, amma ita ba ta taɓa neman izinina a kai ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin muƙamin fiye da yadda ya dace da mai shekaruna.

Talata da Laraba muka ɗauki mutum bakwai. Alhaji ne yake turo su, su zo ɗaya bayan ɗaya, su cire hula su sa tamu, su fita Hajiya ta tare su da kunun aya mai sanyi. Da yammacin Laraba jikata ta haɗa amsoshinsu ta nuna mini tudun, a tsaye, kyakkyawa, kamar yadda littafi ya zana shi. Daga nan ta tafi jami'a don ta nuna wa malamar da ke duba aikinta, ta bar ni da kwamfuta in shigar da lambobin mutanen gobe.

Na shigar da su cikin minti biyar. Da a nan na tsaya, da babu wannan labari. Amma a gefen teburin nawa akwai wani fayil mai suna jerin sauti, ni kuwa ban taɓa ganin aljihun tebur na bar shi ban duba tsarinsa ba. Na buɗe. Layi ɗari biyu ne, kowanne da lamba ɗaya ko biyu, ɗaya na mai kauri, biyu na siriri. Daga nan ne rubutun umarnin yake karanta abin da zai saki. Na bi jerin da ido, raina ya ɓaci. Nan masu kauri uku sannan siriri. Can bakwai sannan siriri. Wani wuri biyu kacal. Babu ƙa'ida, babu tsari, kamar an zubar da wake a ƙasa. Na ƙirga, na samu siriri arba'in, masu kauri ɗari da sittin. Duk wanda ya zauna a ajin hedimastanmu ya san abin da wannan ke nufi: ɗaya cikin biyar. Na ce a raina, yarinyar nan ta san lissafinta, gaggawa ce ta hana ta jerawa.

Na sa tabarau, na gyara zama. Huɗu masu kauri, ɗaya siriri. Huɗu masu kauri, ɗaya siriri. Da yatsa ɗaya na buga layi ɗari biyun nan, na bi su sau biyu da rula a jikin allo don kada in tsallake. Ban ƙara ko ɗaya ba, ban rage ba. Da na gama, jerin ya yi kyau ƙwarai, har yanzu ina faɗa. Na ɗauki littafin aiki na rubuta ranar da lokacin, ƙarfe biyar saura kwata, na ƙara da cewa an gyara jerin sauti, an daidaita tazararsa. Ban gaya mata ba. A tarbiyyarmu, in ka share wa mutum tebur ba ka tsayawa jiran godiya.

Alhamis muka ɗauki uku, Asabar uku. Na lura mutanen suna fitowa da fara'a fiye da na farko. Wani mai sayar da madara da sukari ya ce da ni, "Baba, ashe abin ba wuya." Na ce masa komai aka tsara ba ya wuya.

Ranar Lahadi da hantsi jikata ta zauna haɗa amsoshin mutum shidan nan. Ina karatu a gefe na ji ta daina taɓa kwamfuta. Tudun ya kwanta. A wasu ya rage ɗan kumburi kamar cizon sauro, a wasu sai ka kawo ido kusa. Ta wanke hular wayoyin, ta sauya man da ake ɗigawa, ta caja batir, ta bi rubutun umarninta layi-layi tana motsa leɓe. Ta zargi injin markaɗen da ke bayan gidanmu. Ta zargi wata waya da na liƙa da dalma tun ranar farko, na nuna mata haɗin, ta ba ni haƙuri. Hajiya ta kawo mata abinci ya huce a inda aka ajiye shi. Kwana biyar suka rage, mutum bakwai ba a ɗauka ba, shida kuma an ɗauka ba a san abin da ya same su ba. Ni kuwa, Allah ya sani, ko sau ɗaya tunanina bai je kan jerin ba. Ina neman ɓarna ne, abin da na yi kuwa a wurina gyara ne.

Litinin da safe ta roƙi Alhaji ya sake zama, tunda an ga tudunsa ranar farko, a gani ko na'urar ce ta lalace. Ya zo yana mita cewa wannan man ya hana hularsa zama daidai har kwana biyu. Aka sa masa, aka kunna. Ina zaune a bayansa da littafina, sai na ga babban yatsansa yana sauka a kan maɓallin cikin natsuwa, kansa yana ɗan rausaya kamar mai jin kiɗa.

Da aka gama ya cire abin kunnen ya ce, "'Yata, wannan karon kin tausaya mana."

Ta ce, "Kamar yaya, Baba Alhaji?"

"Ran nan sai da na kasa kunne kamar mai jiran kiran sunansa a asibiti. Yau kuwa huɗu ne, na biyar siriri. Haka muke loda kwalin taliya, huɗu a ƙasa ɗaya a kai. Tun kafin ya zo na san yana tafe. Rabin lokacin ma ina tunanin motar da za ta iso daga Legas ne."

Jikata ta jawo kwamfutar gabanta. Ta buɗe fayil ɗinsa, wurin da ake rubuta lokacin danna maɓalli. A wurare da yawa Alhaji ya danna kafin sautin ya fito. Ta buɗe na mutum shidan, haka. Sannan ta buɗe jerin sauti, ya bayyana a allo, sahu-sahu, babu ko karkata.

Ta juyo a hankali ta ce, "Tsoho."

Na ce, "Na'am."

"Wa ya taɓa wannan?"

Na miƙe tsaye, domin a zaune ba a amsa irin wannan tambaya. Na buɗe littafin aiki a shafin Laraba na karanta mata abin da na rubuta, da ranar da lokacin. Na ƙara da cewa adadin bai sauya ba, arba'in ne da ɗari da sittin, tana iya ƙirgawa.

Ta rufe fuskarta da tafin hannu biyu, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take, hankalina ya tashi. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, ko da yake da ta ɗago akwai hawaye, kuma ba zan rantse duka na dariya ba ne. Da ta samu numfashi ta yi mini bayanin da ta ce ta yi tun farko, wannan karon hannuna babu waya. Tudun nan amsar ƙwaƙwalwa ne ga abin da ba ta zata ba. In mutum ya san lokacin da siririn zai zo, babu sauran ba-zata, tudun sai ya kwanta. Hargitsin da na gani da gangan aka yi shi. Ita ce ta sa kwamfuta ta cakuɗa jerin, ta kuma yi kwana biyu tana tabbatar da cewa babu wani tsari da kunne zai kama.

Alhaji ya ce, "Wato Malam ya shiga ɗakin jarrabawa ya raba wa ɗalibai amsa."

Na ce, "Alhaji, ba da kai nake ba."

Ya ce, "Ai ni na ci jarrabawar, Malam. Har kafin a yi tambaya nake amsawa."

Na shekara fiye da saba'in ina ɗauka cewa duk abin da ya hargitse jiran mai gyara yake. Ban ce na sauya ra'ayi a kan wayoyin da take cusawa a jaka ba. Amma a wannan ɗaki, a wannan safiya, na ce da jikata na yi kuskure, na taɓa abin da ba a sa ni ba, kuma na yi shiru a kai, wanda shi ne ya fi. Ta ce ita ma da laifinta, da ta bar fayil a buɗe kusa da mutumin da yake jera takalman baƙi bisa girma a ƙofar ɗaki.

Ta kira malamarta a waya ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Malamar ta tambaya ko an san daidai waɗanda abin ya shafa. Jikata ta ce an sani, har da minti, domin magatakarda ya rubuta. Aka yanke cewa bakwai na farko suna nan daram, shidan a ware su a sake ɗaukarsu, a kuma bayyana abin da ya faru a cikin kundin. Kafin azahar ta sauya rubutun umarnin. Yanzu shi da kansa yake cakuɗa jerin ga kowane mutum a lokacin da aka kunna, ya adana jerin da ya yi amfani da shi a cikin fayil ɗin mutumin, babu sauran tebur da wani zai buɗe. Na nemi ta rubuta a saman rubutun umarnin, da kalmomin mutane, ranar da aka sauya da dalilin sauyawar. Ta rubuta, ta ƙara wani layi a ƙasa da ta ƙi fassara mini. Na karanta da kaina daga baya, Turancina bai tsufa ba. Cewa ta yi kada a bar kaka shi kaɗai da kwamfuta.

Saura a dawo da mutum shida waɗanda suka riga suka ba da lokacinsu sau ɗaya. Alhaji ya ce zai aika musu. Na ce a'a, wanda ya ɓata shi zai je. Bayan azahar na sa babbar riga na shiga Singa da ƙafa, ina kauce wa kurar 'yan dako da buhunan shinkafa, Alhaji yana gaba yana nuna mini shaguna, kuma, kamar yadda na gano, yana riga ni ba da labarin. A kowane shago na yi sallama, na tsaya, na faɗi abin da na yi ba tare da ado ba, na roƙi a sake ba mu rabin sa'a. Mai madara da sukari ya ce, "Baba, da ma na ce wannan sauƙin ba banza ba." Wata Hajiya mai sayar da man gyaɗa jarka-jarka ta sa na maimaita bayanin sau biyu, ba don ba ta gane ba, sai don maƙwabciyarta ta zo ta ji. Ta ce za ta dawo in har kunun ayan yana nan. Wani dattijo mai sabulu ya dube ni ya ce shi bai taɓa ganin mai furfura ya tako kasuwa don ya ce ya yi kuskure ba, ko don wannan zai zo. Ban san ko yabo ba ne, na dai yi godiya.

Mutum goma sha uku cikin kwana uku da rabi ba wasa ba ne. Muka fara tun bakwai na safe, kafin a buɗe shaguna. Jikata tana sa hula, ni ina wanke wadda aka cire ina shanyawa a gaban fanka, Hajiya ta ajiye turminta gaba ɗaya ta koma markaɗe a waje. Ni ne mai kula da lokaci, kuma ba wanda ya zauna ya wuce minti talatin da biyar. Duk wanda ya fito yakan yi ƙorafi cewa wannan karon siririn yana ɓuya, ba a san ta inda zai ɓullo ba. Duk ƙorafi ɗaya sai jikata ta dube ni ta ce, "Ango, ka ji aiki yana kyau." Ranar Laraba da la'asar ta haɗa na mai madara da sukari, ta juyo mini da allon. Tudun yana tsaye a wurinsa. Na sa rula na auna shi, ta bar ni.

Mutum na ashirin ya cire hula ranar Alhamis da ƙarfe biyar da minti goma na yamma. Na naɗe wayoyin da kaina, kowace a zobenta, wannan kam ba ta hana ni ba. Na'urar ta koma sashensu ranar Juma'a da ƙarfe goma sha ɗaya saura minti biyar. Jikata ta kare kundinta a wannan shekarar, ta ci, kuma abin da na yi yana shafi na arba'in da biyu, sakin layi na biyu.